Shewar Baƙo: Ƴan Biɗar Adar da Kallon Ƙwallo a Ƙasar Wani

Gabatarwa

Ranar Litinin 23 ga watan Janairun 2012, a sabon filin wasa na Angondjé da ke bakin birnin Libreville, aka busa taken ƙasar Nijar karo na farko a gasar cin Kofin Afirka. Mena ce ta fito karawa da Gabon, ɗaya daga cikin ƙasashe biyu masu masaukin baƙi. Galibin ƴan kallo ƴan ƙasa ne, amma ana hango tutar Nijar a hannun wasu mutane da ba daga Yamai suka taso ba: ƴan tireda ne da maɗinka da masu gadi da ƴan koli, waɗanda suka daɗe suna neman abinci a Gabon, kuma ba a rasa ƴan Adar da Ƙonni a cikinsu. Da aka tashi, Gabon na da ci biyu, Mena ba ta da ko ɗaya. Ƴan wasa suka koma masaukinsu. Ƴan kallon nan kuwa suka koma unguwanninsu, washegari suka buɗe shaguna a tsakiyar mutanen da suka yi wa adawa jiya.

A nan ne mai kallo a gida ya bambanta da mai kallo a ƙasar wani. Na gida yana shewa iyakar ƙarfin muryarsa, babu mai tambayarsa dalili. Baƙo kuwa sai ya auna tukuna: wa ke zaune kusa da shi, takardarsa ta zama tana da sauran kwana ko ta mutu, kuma me zai tarar a kasuwa gobe. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan awo a wajen mutanen gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela na jahar Tawa, tun daga zamanin rediyo har zuwa na wayar hannu, domin a ga yadda ƙwallon ƙafa ya koya wa ɗan biɗa sunan ƙasarsa, da kuma abin da yake sawa a mizani kafin ya furta sunan a bainar jama'a.

Hanyar Kurmi

Ƙasar Ƙonni da Adar ƙasa ce ta damina guda, wadda ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Akwai albasar Galmi da ta yi suna har bakin teku, akwai masana'antar siminti ta Malbaza tun cikin shekarun 1960, akwai kuma gonakin rani na Ƙonni da aka shimfiɗa daga ƙarshen shekarun 1970. Duk da haka, waɗannan ba su taɓa ɗauke dukan majiya ƙarfin yankin ba. Da zarar an kai gero rumbu, sai samari su ɗaura ƙunshi su nufi tasha. Wannan tafiya ita ake kira cin rani ko biɗa, kuma ta girmi ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba.

Tun kafin zuwan Turawa fatake ke bin hanyar Gwanja don sayen goro, suna kafa zango a Salaga da Kumasi. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka tsakanin 1898 da 1908, Ƙonni da Adar suka faɗa hannun Faransa, Sakkwato kuwa hannun Ingila. Haraji, wato lanho, da aikin dole da ba a soke ba sai a 1946, suka ƙara tura mutane zuwa Kurmi, inda ake samun kuɗi a gonakin koko da ma'adinai da tashoshin jiragen ruwa. A farkon shekarun 1950 Jean Rouch ya bi sawun ƴan Nijar a ƙasar da ta zama Gana, ya rubuta yadda suke rayuwa a ƙarƙashin sarakunan zango.

Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana. Daga nan akalar biɗa ta juya zuwa Abijan da kuma Nijeriya, wadda kuɗin man fetur ya buɗa. A Janairun 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi. Sai aka ƙara nisa: Libiya, Aljeriya, Kamaru, Gabon. A Abijan, ƴan Nijar sun shahara da sayar da aceke da soyayyen kifi, har aka raɗa wa abincin suna garba, kuma mutanen garin suna danganta sunan da Garba na Hausawa.

Abin lura shi ne, a gida wasan da ke motsa zuciya kokowa ce. A Tawa aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya lashe. A fagen kokowa mutum ɗan jaharsa ne: na Tawa yana bayan na Tawa, na Dosso yana bayan na Dosso. A ƙauye kuwa mutum Ba'adare ne ko Bagobiri ko Buzu ko Bafillace. Sai ya tsallaka iyaka ɗan sanda ya nemi takarda, sa'annan ya ji an kira shi ɗan Nijar. Wuri na biyu da yake jin wannan suna shi ne gaban akwatin da ake sauraron ƙwallo.

Zanen Aro

Farkon kallon ƙwallo a wajen ɗan biɗa da kunne aka yi shi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Nijar a 1958, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma ƙaramar rediyo mai batir na cikin tsarabar farko da matafiyi ke saye. A Treichville ko Adjamé na Abijan, inda ake bayanin wasa da Faransanci, wanda ya taɓa zama a lakkwal shi ke fassara wa sauran, ana zagaye da teburin mai shayi. Talabijin na ƙasa bai kankama a Nijar ba sai a 1979, saboda haka da yawa daga mutanen Adar a bakin teku suka fara ganin ƙwallo yana gudu a cikin gilashi, suka dawo gida suna ba da labari.

Matsalar ita ce, babu Nijar a cikin gilashin. Sunan Mena daga barewar nan ta sahara aka samo shi, kuma kamar barewar, ba kasafai ake ganinta ba. Abin da ta fi yi a wancan zamani shi ne a wasannin share fagen Kofin Duniya na 1982, lokacin da ta fitar da Somaliya da Togo, ta sha kashi huɗu da nema a hannun Aljeriya, sa'annan ta rama da ci ɗaya a Yamai a watan Mayun 1981. Aljeriyar nan ce ta je ta doke Jamus ta Yamma a shekara mai bi. Bayan wannan sai shiru ya yi tsawo.

Wanda ba shi da riga yakan ari ta maƙwabci, kuma maƙwabcin Ƙonni na kusa Nijeriya ce. Ranar 22 ga Maris 1980 Nijeriya ta ɗauki Kofin Afirka a Ikko bayan ta ci Aljeriya uku da nema, kuma Shehu Shagari, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ya miƙa kofin. Ɗan biɗar da ke cikin birnin a ranar ya yi murna da zuciya ɗaya. Shekara uku bayan nan gwamnatin nan ce ta ce ya tattara kayansa. Ranar 18 ga Maris 1984, a Abijan, Kamaru ta doke Nijeriya uku da ɗaya a wasan ƙarshe, Adarawan garin suna kallo. Wata guda bayan haka gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a 1986, rufewar kuma ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari.

Duk da haka aron bai yanke ba. A 1994, a Amurka, Rashidi Yekini ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a Kofin Duniya, a ragar Bulgeriya. Haifaffen Kaduna ne, kuma ya buga wa ƙungiyar Africa Sports ta Abijan daga 1987 zuwa 1990, don haka mazauna Abijan suna ganinsa kamar ɗan biɗa irinsu. A 1996, a Atlanta, ƙungiyar da ta ci Brazil huɗu da uku, ta ci Ajantina uku da biyu, ta ɗauki zinaren Olamfik, akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikinta, sunaye irin na cikin gida. Idan babu Nijeriya, sai a ari duk wanda ya fito daga Afirka: Kamaru da ta kayar da Ajantina a 1990, Senegal da ta kayar da Faransa a 2002, Gana da ta kai gab da wasan kusa da na ƙarshe a 2010. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Idan gardama ta yi zafi a gidan kallo, akwai tambayar da ke kashe bakin Ba'adare nan take: ina taku ƙungiyar?

Gemun Ɗan'uwa

Ba tsoron banza ne ya sa baƙo ke auna shewarsa ba, tarihi ne ya koya masa. A watan Satumban 1962, wasa tsakanin Kwango da Gabon a Brazzaville ya jawo tarzoma, aka far wa ƴan Kwango mazauna Gabon, ƙasashen biyu suka kori mutanen juna. A watan Mayun 1981, rikicin da ya tashi a wajen wani wasa a Duwala ya sa aka auka wa ƴan Kamaru a Libreville, har aka kwashe dubbansu zuwa gida. Wanda ya fi kusa da Adarawa shi ne na 1993. Ranar 31 ga Oktoba, Asante Kotoko ta fitar da ASEC Mimosas ta Abijan a Kumasi, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Afirka, aka kuma taɓa magoya bayan ASEC a hanyarsu ta komawa. Da labari ya iso Abijan sai aka huce a kan ƴan Gana mazauna garin, waɗanda yawancinsu ko filin wasan ba su taɓa gani ba. An kashe mutane, an ƙona dukiya, dubbai suka gudu.

Ba a kan ƴan Nijar aka tayar da waɗannan fitinu ba, amma a unguwa ɗaya suke kwana da waɗanda aka far wa, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Daga irin wannan ne aka samu ladubban kallo da manya ke koya wa sabon zuwa. Ana kallo a cikin gida, a tsakar gidan maigidan da ya saukar da mutum, tare da ƴan gari ɗaya. Idan ƙasar masauki ce ke wasa, ita ake goya wa baya, ko da a baki ne. Idan alamu suka nuna za ta sha kashi, a rufe shago tun kafin alƙali ya busa tashi. Ranar wasa kuma ranar ciniki ce, domin mai sayar da tuta da usur da riguna da tsire da shayi sau da yawa baƙon ne, shi ya sa nasarar masu gari take riba a gare shi ta fuska biyu, ta aljihu da ta kwanciyar hankali.

Ƙasar Kodibuwa ta nuna wannan a fili. Tun farkon shekarun 1990 aka ɗora wa baƙi katin zama, siyasar wane ne ɗan ƙasa na asali ta yi ƙarfi, a 2002 kuma yaƙi ya raba ƙasar biyu. Ranar 8 ga Oktoban 2005, bayan ƙungiyar ƙasar ta samu gurbin Kofin Duniya a Sudan, Didier Drogba da abokansa suka durƙusa a gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai. A Yunin 2007 aka kai wasa da Madagaska garin Buwake, hedkwatar ƴan tawaye. Mai garba ɗan Badagishiri ko Tajaye da ya yi tsalle a waɗannan ranaku ba riya ya yi ba. Ya san cewa duk ranar da masu gari suka rungumi juna, shingayen hanya suna raguwa, kuma kuɗin da zai aika gida yana isa.

Shekarar Mena

Shekarar 2011 ta zo wa jahar Tawa da nauyi. Rikicin bayan zaɓe a Kodibuwa da yaƙin Libiya sun koro dubun dubatar ƴan biɗa a lokaci guda, da yawa hannu rabbana, damina kuma ba ta yi kyau ba. Gidajen da suka saba karɓar saƙo sai ga mai aikowa ya dawo yana neman tuwo. A watan Afrilun shekarar ne Mahamadu Isufu, haifaffen Dandaji ta gundumar Illela, ya hau mulkin ƙasa. A cikin wannan hali Mena ta yi abin da ba ta taɓa yi ba.

An haɗa ta rukuni guda da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ce ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Ranar 10 ga Oktoban 2010, a filin Janar Seyni Kunce na Yamai, Musa Maazu ya jefa mata ƙwallo ɗaya, aka tashi a haka. A ƙarƙashin mai horarwa Haruna Dula, Mena ta ci Saliyo uku da ɗaya, ta ci Afirka ta Kudu biyu da ɗaya, duk a gida, amma a waje ba ta samu ko maki ɗaya ba. Ranar Asabar 8 ga Oktoban 2011 ta sha uku da nema a Alƙahira. A daidai lokacin Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi babu ci a Nelspruit, ƴan wasan Afirka ta Kudu suka shiga rawa a fili, a zatonsu yawan ƙwallaye ya ba su gurbi. Ashe ƙa'idar gasar cewa ta yi, idan ƙungiyoyi suka yi kunnen doki a maki, sai a duba wasannin da suka buga a tsakaninsu. Ƙasashen uku kowace na da maki 9, amma a tsakaninsu Nijar na da 6, sauran biyun 5 kowace. Ɗan biɗar da ya kashe rediyo cikin baƙin ciki, wayar ɗan'uwa ce ta tashe shi da albishir.

Wayar hannu, wadda ta shigo Nijar tun 2001, ta riga ta sauya kallon kansa. A da sai bayan watanni matafiyi ke ba da labarin wasa a gindin bishiya. Yanzu na Abijan da na Galmi suna ganin ci ɗaya a farabol, su kira juna kafin a mayar da ƙwallo tsakiya. Ta wannan waya ce kuma talaka ya sa hannu a tafiyar Mena, domin gwamnati ta ɗora dala biyu a kan kowane minti na kira, na tsawon wata guda, don a tara guzurin ƙungiyar.

A Libreville, Pierre-Emerick Aubameyang da Stéphane N'Guéma ne suka ci wa Gabon. Gabon ba ta cikin ƙungiyar CEDEAO, katin zama yana da tsada, kuma a 1995 ta sallami baƙi marasa takarda masu ɗimbin yawa. Duk wanda ya ɗaga tutar Nijar a filin nan ya san da haka. Ranar 27 ga Janairu William N'Gounou ya ci wa Nijar ƙwallonta na farko a tarihin gasar, a ragar Tunisiya, kodayake an ƙwace wasan da ci biyu da ɗaya a mintin ƙarshe. Maroko ma ta ci ɗaya. Mena ta dawo babu maki, amma tambayar nan ta gidan kallo ta samu amsa. A shekara mai bi ta sake zuwa, bayan ta fitar da Gini, ta kuma samu makinta na farko a Afirka ta Kudu ranar 24 ga Janairun 2013, da ta tashi babu ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mai tsaron gida Kasali Dauda ya hana ƙwallo shiga.

Iyakar da ke Cikin Gida

Ga mutumin Ƙonni akwai wata tambaya da ta fi wuya: in yana Sakkwato ko Kano, a ƙasar waje yake? Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ta jahar Sakkwato, takwarar Illelar Adar, tafiyar ƴan mintoci ce a kan babur. Harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya, naira da sefa suna canza hannu a tebur ɗaya. Ba ya jin baƙunci a can sai ranar da ƙasashen biyu suka haɗu a fili. A watan Maris 2010, a share fagen gasar ƴan wasan cikin gida ta Afirka, Mena ta ci Nijeriya biyu da nema a Yamai, ta je Kano ta riƙe ta babu ci, ta fitar da ita. A 2016 matasan Nijar ƴan ƙasa da shekara 17 suka fitar da na Nijeriya, alhali su ne ke riƙe da Kofin Duniya na tsaransu. A irin waɗannan ranaku mai shayi ɗan Malbaza a Sakkwato yakan sha ba'a ko ya yi ta, amma ba'a ce irin ta taubasai, wadda ke ƙarewa da dariya.

Siyasa ce ke mayar da ba'ar ta zama ciwo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi. Manyan motoci suka yi layi a Illela da Ƙonni. Ana cikin haka aka buɗe Kofin Afirka a Kodibuwa. Ranar 28 ga Janairun 2024, gasar na tsaka, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga CEDEAO. Ranar Lahadi 11 ga Fabrairu, shekara arba'in bayan wasan ƙarshe na 1984, Nijeriya ta sake zuwa wasan ƙarshe a Abijan, wannan karo da masu gida. Ba'adaren Abijan ya samu kansa tsakanin ƙasar da ke ciyar da shi da ƙungiyar da ubansa ya ara tun 1980, wadda gwamnatinta ta bar ƙauyensu cikin duhu. Kodibuwa ta ci biyu da ɗaya. Mako biyu bayan nan aka ɗage takunkumin, a watan Maris kuma aka buɗe iyakar Ƙonni.

Mena Ma Ta Tafi Biɗa

A shekarun nan ne kuma al'amari ya juye. Hukumar ƙwallon Afirka ta ce filin Seyni Kunce bai cika sharuɗɗa ba, sai Mena ta koma karɓar baƙinta a ƙasashen wasu. A Maris 2023 a Tunisiya ta karɓi Aljeriya. A Satumban 2024 a Berkane ta ƙasar Maroko ta karɓi Gana, aka tashi ɗaya da ɗaya. Ranar 14 ga Nuwamban 2024 a Lome ta karɓi Sudan, ta ci huɗu da nema. A waɗannan wasanni mutumin Yamai a gilashi ya kalla, wanda ya iya zama a kan benci ya ɗaga tuta shi ne ɗalibi ko ɗan kasuwa ko lebura mazaunin waje. Ɗan biɗa ya zama shi ne ɗan kallon gida.

Kwana huɗu bayan wasan Lome, Mena ta sauka Ankara, birnin da ke da tsofaffin unguwannin Hausawa irin su Nima da Sabon Zango. A ƙarƙashin mai horarwa Badou Zaki, ɗan Maroko, ta doke Gana biyu da ɗaya a filinta, Mohammed Kudus ya ɓarar da bugun daga kai sai mai tsaron gida ana gab da tashi. Nasarar ba ta kai ta gasar ba, domin Sudan ta fi ta da maki ɗaya. Amma ranar 18 ga Nuwamba ce, shekara 55 cif bayan dokar Busia. Jikokin waɗanda aka ba mako biyu su tattara kayansu sun kalli tutar Nijar ta yi rinjaye a tsakiyar Ankara, washegari kuma suka buɗe shagunansu.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa raɓar nan ta daɗe har ta yi saiwa, amma ba ta daina duba sama ba. Daga 1969 zuwa 2024, ƙarfin shewar ɗan biɗa yana tafiya ne da ƙarfin takardarsa da kuma zaman lafiyar da ke tsakanin gwamnatoci. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa zirga-zirgar jama'a za ta ci gaba har sai an sake shawara, yarjejeniyar 1979 da ta ba talaka damar tsallaka iyaka ba tare da biza ba ta koma abin tattaunawa. Duk abin da aka yanke, a teburin mai shayi na Adjamé da Nima za a fara jin nauyinsa.

Sakamakon wasanni yana rubuce a littattafan hukumomi, ba zai ɓata ba. Abin da ke ɓacewa shi ne labarin waɗanda suka kalla: a gidan wa aka taru, wa ya fassara, wa ya rufe shago, wa ya yi shiru alhali zuciyarsa na tsalle. Dattawan da suka ga 1980 a Ikko da 1993 a Abijan suna nan a Tsarnawa da Dogarawa da Badagishiri, kuma kowace shekara suna raguwa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da abin da aikin ke bukata, wato ɗalibai da wayar ɗaukar murya da harshen da dattawan ke ji. Idan kowane aji ya ɗauki muryar tsoho ɗaya kafin damina ta faɗi, jahar Tawa za ta mallaki wani babi na tarihinta wanda babu shi a ma'ajiyar Yamai ko ta Faransa.